Ɗana na son shiga West Point, an ce in kawo dala 3,000 a samo mana nomineshin

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ni mutumin Nijar ne, shekarata 14 a Amurka, tasi nake ja a New York, a Bronx muke zaune da iyalina. Babban ɗana shekararsa 16, yana aji 11, Alhamdulillah yana da ƙoƙari a boko, yana buga ƙwallo wa makarantarsu, Asabar da Lahadi kuma shi ke biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyyar masallacinmu. Tun bara ya kafe shi sai makarantar hafsoshin soja ta West Point. Toh an ce mana ba a shiga sai ɗan majalisa ya ba yaro nomineshin, wato ya miƙa sunansa ga makarantar, ni kuma wallahi ban san kowa ba. Wani ɗan ƙasarmu ya same ni ya ce yana da mutum a ofishin wani ɗan majalisa, in kawo dala 3,000 a gama magana, yanzu haka na tara 1,800. Yaron ya ji labari ya ce in dai na biya to shi ya fasa, yau kwana goma kenan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Mahaifiyarsa kuma sam ba ta so, kullum kuka, ta ce za a tura shi yaƙi a kashe shi ko shi ya kashe musulmi. A gida aka haife shi, ya zo da girin kad, wato katin zama na dindindin, yana shekara 6, ni kuma shekara 3 kenan da na zama ɗan ƙasa. In biya kuɗin ne ko in hana shi gaba ɗaya kowa ya huta? Kaina ya kulle.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri akan ɗawainiyar yaran nan. Na san me ake nufi da mai tasi ya tara dala 1,800 a gefe bayan hayar gida da abinci da kuɗin da ake aikawa gida, dare nawa ne wannan a bayan sitiyari, saboda haka kafin komai ina roƙonka kar ka ba mutumin nan ko sisi. In ma ka riga ka ba shi wani abu na kafin alƙalami ka je ka karɓo, in ya hana ka barshi da Allah amma kar ka ƙara. Neman nomineshin kyauta ne, babu kuɗin fom, babu kuɗin intabiyu, kuma abu biyu ne kawai zai iya faruwa da kuɗinka. Ko dai mutumin bai san kowa ba zai cinye ya dawo ya ce maka an yi ƙoƙari Allah bai yi ba, wanda ni inaga shi ne gaskiyar lamarin, ko kuma da gaske akwai wani a ciki da zai karɓa, wannan kuma cin hanci ne ga ma'aikacin gwamnatin tarayya, laifi ne babba da ake ɗaure mutum a kai, kuma ranar da ya fito ba kai kaɗai zai shafa ba har yaron da kake so ka taimaka. Ka ga kenan ɗanka da ya ce in ka biya ya fasa yana kan daidai, kuma abin ka gode wa Allah ne, don makarantar da yake nema dokarta ta farko da ake koya wa ɗalibi ita ce ba ƙarya ba ha'inci ba sata, kuma ba ya rufa wa mai yi asiri. Tarbiyyar da kuka ba shi ce ta yi magana.

Ban ga laifinka ba fa da ka yarda da maganar. Mu mun taso inda in an ce sai sa hannun ɗan majalisa to an gama magana, sai wanda ke da ƙafa ko uban gida. Bari in faɗa maka yadda abin yake a nan dalla dalla, don rashin sani ne ya ba mutumin nan ƙofa.

Makarantun hafsoshi na gwamnatin tarayya biyar ne. West Point ta sojan ƙasa wadda aka kafa a 1802, ta sojan ruwa a Annapolis jihar Maryland tun 1845, ta sojan sama a Colorado Springs, ta jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point nan cikin jiharku, sai ta masu tsaron gaɓar teku a New London jihar Connecticut. Huɗun farko sai da nomineshin, ta ƙarshen ba ta buƙata sam, kai tsaye ake nema a wurin makarantar kamar kowace jami'a, ka riƙe wannan zan dawo kai. Doka ta ba kowane ɗan majalisar tarayya kujera 5 a West Point a lokaci guda, wato ba 5 duk shekara ba, 5 a cikin duka azuzuwan huɗu, shi ya sa yawanci kujera ɗaya ce ke buɗewa a shekara wani lokaci biyu. Akan kowace kujera da ta buɗe yana iya miƙa sunayen yara da dama, da can 10 ne, yanzu an ƙara zuwa 15. Ɗanka kuma ƙofa huɗu gare shi ba ɗaya ba: ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, sanatocin New York guda biyu wato Chuck Schumer da Kirsten Gillibrand, da Mataimakin Shugaban Ƙasa wanda duk yaro ɗan ƙasa zai iya nema a wurinsa ta intanet. Makarantar da kanta tana cewa a nemi duka, saboda haka ya buga duka huɗun. Amma inda zai fi zuba ƙarfi shi ne ɗan majalisar wakilai, don sanata jihar gaba ɗaya yake dubawa mai mutum kusan miliyan 20, shi kuwa na wakilai mazaɓarsa ba ta wuce mutum dubu 770 da wani abu ba, ka ga gasar ba ɗaya ba ce. Sai dai dole na inda kuke zaune ne a hukumance, ba a zuwa neman na wata unguwa don an ce can ya fi sauƙi, in ya saka lambar zip ɗinku, wato lambar gidan waya ta unguwarku, a shafin majalisar wakilai zai ga sunan nasu nan take.

Ba zan ce maka 'yan siyasar nan mala'iku ne ba, doka ta bar wa ɗan majalisa ikon ya zaɓi wanda yake so har ma ya ce wane ne na farko a jerinsa. Amma abin da mafi yawansu ke yi shi ne su kafa kwamiti na tsofaffin sojoji da malaman makaranta da dattawan gari, su duba fayil ɗin yara su yi musu intabiyu su kawo sunaye, da yawa kuma ba sa ma jera yaran, sai su miƙa sunayen su bar wa makarantar ta zaɓi wanda ya fi cancanta. Ba a tambayar jam'iyyar uba ko wa ya zaɓa ko nawa yake samu. Sannan abin da mutumin naka bai faɗa maka ba, ko da ya iya samo takardar, nomineshin ba admishin ba ne. Izini ne kawai na a duba yaro. Dubban yara na samun nomineshin duk shekara amma wajen 1,200 ake ɗauka a West Point, kuma sai yaro ya haye gada uku da babu mai haye masa: karatu, gwajin ƙarfin jiki, da gwajin likita. Kenan ko kuɗin ya yi aiki, takardar da ba ta kai mutum ciki ka saya.

Yanzu ga abin da zai yi, kuma ka lura na ce zai yi, shi ba kai ba. Yana aji 11 lokacin ya yi daidai bai makara ba. Ya shiga shafin West Point ya buɗe fayil ɗinsa, ya shiga shafin kowane ɗaya daga cikin ofisoshin nan ya rubuta ranar rufewa a takarda ya manna a bango, don kowa da ranarsa, yawanci tsakanin Satumba da farkon Nuwamba na shekarar da yake aji 12 suke rufewa, intabiyu ya biyo baya, su kuma su miƙa sunaye zuwa 31 ga Janairu. Wanda ya makara da kwana ɗaya shikenan sai baɗi, yara masu ƙoƙari da yawa a nan suke faɗuwa ba a wajen rashin ƙafa ba. Za su nemi sakamakon makaranta, makin jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, wasiƙun shaida daga malamai musamman na lissafi da Turanci, da rubutu akan dalilin da ya sa yake son aikin. Wasiƙun nan ya roƙi malaman tun kafin hutun bazara kar ya bari sai Satumba lokacin da kowa ke bin su. Jarrabawar kuma ya zauna fiye da sau ɗaya in makin bai yi masa ba. A lissafin West Point karatu ne ke ɗaukar kashi 60, shugabanci 30, ƙarfin jiki 10, toh in kana neman inda za ka saka wani abu daga cikin 1,800 ɗin nan ga wuri, malamin da zai ƙara masa lissafi da littattafan shirin jarrabawa da takalmin gudu mai kyau.

Maganar shugabanci nake so in ɗan tsaya a kai don yaranmu suna raina abin da ke hannunsu. Suna ganin sai wanda ya yi shugaban ɗalibai ko sikawut shi ne shugaba, alhali yaron da duk ƙarshen mako yake zaunar da ƙananan yara ya koya musu karatu, ya raba faɗa, ya jira har iyayensu su zo ɗauka, wannan ai shugabanci ne tsantsa kuma irinsa kwamiti ke son ji. Ya rubuta shi yadda yake, shekara nawa yana yi, yara nawa, me ya gyara, kuma limamin masallaci ko shugaban Islamiyyar ya rubuta masa wasiƙa. Kar ya ji kunyar cewa babansa direban tasi ne, kar ya ɓoye Hausa da Faransanci in yana ji, soja na neman masu harsuna. In zai iya zama kyaftin na ƙungiyar ƙwallonsu a aji 12 ya nema. A intabiyu tambayar da ba ta fashi ita ce me ya sa kake so, kuma suna gane yaron da iyaye suka turo ko wanda karatun kyauta kawai ya kawo shi. Ranar nan aikinka ka goge masa kaya ka kai shi ƙofa ka jira a mota. Ko waya za a buga wa ofis don tambaya shi zai buga da bakinsa.

Gwajin jiki abu shida ne a jere: jifan ƙwallon kwando yana durƙushe, jan jiki sama a ƙarfe, gudun je ka dawo, motsa ciki, fushof, da gudun mil ɗaya. Ɗan ƙwallo gudu ba zai ba shi wahala ba, hannu ne ke kayar da su, ya fara tun yanzu. Gwajin likita kuma wata hukuma ce ta ma'aikatar tsaro ke yi, kuma nan ne nake so ku faɗi gaskiya komai ɗacinta. Asma bayan shekara 13 tana iya hanawa, haka wasu matsalolin ido da tiyata, amma makarantar na iya yin afuwa in tana son yaro, abin da ba a yafewa shi ne a ɓoye a gano daga baya. Tunda mu mutanen yankin sikila ne ku san jinin yaron, AS shi kaɗai ba ya hana shiga, ciwon sikila ne ke hanawa.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ya fi mutumin nan muhimmanci nesa ba kusa ba, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dole yaro ya zama ɗan Amurka kafin ya shiga, girin kad ba ya wadatarwa. Labari mai daɗi shi ne dokar da aka yi a 2000 ta ce yaron da bai kai 18 ba, yana da girin kad, yana zaune a hannun mahaifin da ya zama ɗan ƙasa, shi ma ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. Bisa abin da ka rubuta ɗanka ya shiga ciki tun ranar da ka yi rantsuwa. Amma sai da shaida a hannu, saboda haka in ba ku yi masa fasfo na Amurka ba ku yi a watan nan, sannan ku cike fom N-600 na satifiket ɗin zama ɗan ƙasa, shi yana ɗaukar lokaci kuma da kuɗinsa, ga wata hanyar halal da ajiyarka za ta bi. In akwai wata sarƙaƙiya a takardun aure ko na haihuwa ku ga lauyan shige da fice tun da wuri. Ku kuma sani hafsa sai an tantance shi kafin a ba shi sirrin gwamnati, za a tambaye shi fasfo na wata ƙasa da dangi da dukiya a waje, yana iya kaiwa a ce ya ajiye na Nijar. Ku yi wannan maganar a gida tun yanzu kar ta zo muku bagatatan.

Sai mahaifiyarsa, kuma dan Allah kar ka ɗauki kukanta a matsayin rigimar mata. Abin da take tsoro gaskiya ne. Karatun kyauta ne, ci da kwana da magani kyauta, har albashi ake ba ɗalibi sama da dala dubu a wata duk da ana cire kuɗin kaki da littattafai, amma biyan yana zuwa daga baya, shekara 5 cur yana aikin soja sannan shekara 3 a jerin ko ta kwana. Hafsa kuma ba ya zaɓar inda za a tura shi. An yi Afganistan daga 2001 zuwa 2021, an shiga Iraƙi a 2003, ku kanku mutanen Nijar kun san sansanin da Amurka ta yi a Agadas har suka fita a 2024, kun kuma san Tongo Tongo inda aka kashe sojan Amurka 4 tare da sojojin Nijar a Oktoban 2017. Duk wanda ya ce mata ofis kawai zai zauna ya yaudare ta. Abin da za a iya faɗa mata na gaskiya shi ne akwai musulmi a rundunar har da limamai masu kaki, ana sallah ana azumi duk da horon ba ya tsayawa saboda Ramadan, kuma sassan aikin da yawa ne, akwai injiniya da sadarwa da sufuri, sai dai rabon ya danganta da matsayin yaro a aji da buƙatar rundunar, ba alƙawari. Sannan ɗalibi na iya fita a cikin shekara biyun farko ba tare da bashin aiki ba, sai ya shiga aji na uku ne alƙawarin ke hawa kansa, wannan kaɗai yakan sanyaya zuciyar uwa don ta san ƙofa ba ta rufe rana ɗaya ba. Tambayarta ta addini kuma ba ni zan yanke ba, ku samu malamin da ku ukun kuka yarda da iliminsa wanda ya san rayuwar nan, ku zauna da shi, yaron ya faɗi nasa da bakinsa ita ma ta faɗi nata. In bai cika 18 ba ranar shiga sai da sa hannun iyaye, amma ko ya cika ni ba zan so ya tafi babu albarkarta ba, don ranar kai yara bankwanan da ake bari bai kai minti biyu ba, daga nan sai horo na wajen sati shida, yaron da ya bar uwa tana fushi da wannan nauyin zai shiga.

Hana shi gaba ɗaya kuma ban goyi baya ba. Ba hutu zai kawo ba, shekara biyu ne kawai ya kai inda zai iya shiga soja a matsayin kurtu ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma zai tafi da ciwon cewa ba a saurare shi ba. Neman ma ai ba shiga ba ne, ku barshi ya nema, kuna da fiye da shekara guda ta tattaunawa da istihara kafin a kai ga amsa tayi.

Ya kuma shirya wa rashin samu, don masu nema sun haura dubu goma. Wanda ya samu nomineshin amma wani ya riga shi kujerar yana shiga jerin jira na ƙasa kuma ana ɗauka daga ciki. Wanda suka ga yana da kyau amma karatunsa da saura suna iya tura shi makarantar share fage ta shekara ɗaya da ke nan cikin West Point. Ana sake nema baɗi daga jami'a, tunda ƙa'ida ita ce kar ya cika 23 kafin 1 ga Yuli na shekarar shiga, kuma ba aure ba ɗa, wannan ku riƙe shi in dangi a gida sun fara maganar a yi masa mata. Ga makarantar New London da na ce ba ta son nomineshin, aikinsu ya fi karkata ga ceto a teku da tsaron gaɓa, wataƙila ma hankalin mahaifiyarsa ya fi kwanciya da ita. Ga kuma ROTC, inda yaro ke karatunsa a jami'a ta yau da kullum yana horon soja a gefe, akwai sikolashif, ya fito da anini ɗaya daidai da ɗan West Point. Colin Powell ɗan baƙi ne daga Jamaika, a Kudancin Bronx ya tashi, ta ROTC na City College ya fito a 1958, ya kai janar mai tauraro huɗu ya shugabanci hafsoshin ƙasar gaba ɗaya. Ɗanka ya cike wannan fom ɗin tare da wancan.

Yau da daddare in ka dawo daga aiki ka kira shi ku biyu, ka ce masa ka fasa biyan kuɗin kuma shi ne da gaskiya, wallahi ba zai rage maka girma ba, ka kuma faɗa masa tsoro ne ya kai ka, tsoron kar rashin saninka da manya ya tare masa hanya, don shi a nasa tunanin gani yake ba ka yarda zai iya da kansa ba. Daga nan ka ɗauki hutun rana ɗaya, West Point daga Bronx tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna a bakin kogin Hudson kuma suna karɓar baƙi masu ziyara, ku yi rajista ta shafinsu ku riƙe katin shaida, ka ɗauke shi da mahaifiyarsa a motarka ku je ta ga wurin da idonta ta yi tambayoyinta. Allah ya zaɓa masa mafi alheri, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ka rubuto min bayan kun dawo in ji yadda kuka yi.